Abdoulaye Mamani: ɗan Sawaba da ya ɗanɗani gudun hijira da kaso, ya bar wa Nijar littafin Sarraounia

Da wuya a samu ɗan Nijar da ya zauna a lakwal bai taɓa jin sunan Sarauniya Mangu ba. Akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, mawaƙa sun yi mata waƙoƙi, ƴan siyasa kuma kan ambace ta idan ana zancen ƴancin ƙasa. Sai dai kafin shekarar 1980, labarinta bai wuce bakin dattawan yankin Dogon Dutsi da wasu ƴan layuka a rubuce-rubucen sojojin Faransa ba. Wanda ya fito da ita duniya ta san ta shi ne marigayi Abdoulaye Mamani, ɗan ƙwadago, ɗan jarida, ɗan siyasa, mai rubuta waƙoƙi da ƙagaggun labarai, wanda ya rayu daga 1932 zuwa 1993.

A tsawon rayuwarsa, Mamani ya zauna ƙarƙashin mulki iri uku da ba a yi musu tambaya: na Turawan mulkin mallaka, na jam'iyya ɗaya tilo, da na soja. Na farko ya yi gwagwarmaya da shi tun yana saurayi, na biyu ya kore shi daga ƙasarsa, na uku ya jefa shi kaso. Duk wanda ya san wannan, idan ya buɗe littafin Sarraounia, zai ga cewa bayan yabon jarumtar mace guda, marubucin ya zauna ne ya kwance mulkin kama-karya gaɓa-gaɓa, don ya nuna da me yake tsayuwa, kuma ta ina yake rushewa.

Tasowa a Damagaram

An haifi Abdoulaye Mamani a gabashin Nijar a 1932, kuma a birnin Zinder, wato Damagaram, ya tashi ya zama mutum. A lokacin, shekara 33 kacal ke nan da shigar sojojin Faransa birnin, don haka akwai tsofaffi da yawa da suka ga abin da idonsu. Sun san yadda aka kashe Kaftin Cazemajou a 1898, da yadda aka ci Damagaram da yaƙi a ƙarshen watan Yulin 1899, da yadda aka kashe Sultan Amadu Kuran Daga ƴan makonni bayan haka. Sun kuma ga yadda Turawa suka tuɓe sarki a 1906, suka ɗora wani bawan fada ya riƙe garin, ba su mayar da sarautar ga gidanta ba sai a 1923. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin ƙasar daga Zinder aka mayar Yamai.

Mulkin da yaro Mamani ya buɗe ido ya gani shi ne na kumandan. A ƙarƙashin dokar da ake kira indigénat, kumandan na da ikon ɗaure talaka ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Akwai harajin kai, akwai aikin tilas na gina hanyoyi da gidajen gwamnati, akwai kuma ɗibar samari zuwa soja. Tsakanin kumandan da talaka kuwa akwai tafinta da dogarai da masu sarauta, waɗanda ta hannunsu umarni ke sauka. Ba a soke aikin tilas da dokar indigénat ba sai a 1946, lokacin da Mamani ke da shekara 14.

A wannan shekarar ce aka kafa jam'iyyar siyasa ta farko a ƙasar, PPN, wadda ta zama reshen RDA. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma suka fara motsi. Mamani ya shiga harkar sandika tun yana matashi, kuma ta wannan ƙofa ya shiga siyasa, a ɓangaren Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta da ya raba gari da PPN ya kafa tasa tafiyar.

Raƙumi da giwa

Tafiyar Djibo Bakary ita ce jama'a suka sanya wa suna Sawaba, kalmar da ƴan NEPU na Malam Aminu Kano suka riga suka yi fice da ita a ɗaya gefen iyaka tun 1950. Alamar Sawaba raƙumi ce, ta PPN-RDA kuwa giwa. Ƙarfin Sawaba yana wurin ƙananan mutane na gari: direbobi da yaran mota, teloli, magina, mahauta, ƴan tireda da ƙananan ma'aikata, musamman a Damagaram da Tasawa da Maraɗi. Mamani yana ɗan kimanin shekara 25 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Zinder, ya kuma riƙe aikin jaridar jam'iyyar. Bayan zaɓen Maris na 1957, Djibo Bakary ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko a Nijar.

Daɗin bai daɗe ba. A 1958 Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama: ko ƙasashen da Faransa ke mulka su zauna cikin tarayya da ita, ko su karɓi ƴanci nan take. Sawaba ta ce a jefa a'a, kamar yadda Sékou Touré ya ce a Gini. Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba, ƙasar da ke iyaka da Aljeriya inda ake tsakiyar yaƙi. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka ƙaro sojoji, aka janye mafi yawan sarakunan gargajiya daga gefen Sawaba. A ranar 28 ga Satumba, sakamakon da aka bayyana ya ba masu cewa i kusan kashi 78 cikin ɗari, duk da cewa mafi yawan waɗanda aka yi wa rajista ba su fito ba. Gwamnatin Djibo Bakary ta faɗi, Diori Hamani ya hau a watan Disamba, kujerun da Sawaba ta ci a sabon zaɓe kuma aka soke su. A watan Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya.

Saboda haka, ranar 3 ga Agustan 1960 da Nijar ta samu ƴancin kai, waɗanda suka fara neman ƴancin suna kaso, ko suna ɓoye, ko sun tsallake iyaka. Mamani na cikin waɗanda suka bar ƙasar.

Shekara 14 a waje

Shugabannin Sawaba sun watsu tsakanin Bamako da Accra da wasu biranen. Mamani ya yada zango a Aljeriya, wadda ta samu ƴanci a 1962, ya zama wakilin jam'iyyar a birnin Aljas. A waɗannan shekarun Aljas matattara ce ta masu fafutuka daga Angola da Mozambik da Gini Bisau da Afirka ta Kudu, har da baƙaƙen fatar Amurka na ƙungiyar Black Panthers. A can aka yi babban bikin al'adun Afirka na 1969.

A gida kuwa, al'amura sun ƙara tsanani. PPN-RDA ta zama jam'iyya ɗaya tilo, Diori Hamani na shugaban ƙasa, Boubou Hama na shugaban majalisa, Diamballa Yansambou Maïga na ministan cikin gida. A ƙarshen 1964 Sawaba ta turo mayaƙanta da aka horar a waje suka shigo ta iyakoki daban-daban, da fatan talakawa za su tashi su mara musu baya. Yunƙurin ya ci tura cikin ƴan makonni. Aka harbe wasu daga cikinsu a bainar jama'a a Yamai, aka kama mutane masu yawa, wasu ba su fito da rai ba. A watan Afrilun 1965 aka jefa gurneti a filin idin Babbar Sallah da nufin kashe Diori, ya tsira, kamen ya ƙaru. A zaɓen 1965 da na 1970 Diori shi kaɗai ne ɗan takara.

Su ma ƙasashen da suka ba ƴan Sawaba mafaka ba su zauna lafiya ba. Sojoji sun kifar da Ben Bella a Aljeriya a 1965, Kwame Nkrumah a Ghana a 1966, Modibo Keïta a Mali a 1968. Kuma kafin faɗuwarsu, gwamnatocin nan na ƴan gwagwarmaya su ma jam'iyya ɗaya suke yi, suna kuma tsare ƴan adawa. Ɗan gudun hijirar da ya zauna a tsakiyar wannan duka ya ga cewa danniya ba ta da launin fata, ba ta kuma zaɓar tuta.

A wannan zaman ne alƙalaminsa ya koma ga adabi. A 1972 aka buga kundin waƙoƙinsa mai suna Poémérides a Paris, sannan ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya.

Dawowa gida, shiga kaso

Fari da yunwar da suka addabi yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 sun raunana gwamnatin Diori, ga kuma zargin cewa wasu manya na karkatar da abincin agaji. A ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya yi juyin mulki. Aka saki fursunonin siyasa, aka ce waɗanda ke waje su dawo. Djibo Bakary ya dawo, Mamani ma ya dawo bayan kusan shekara 14.

Amma sabuwar gwamnatin ta jingine kundin tsarin mulki, ta rushe majalisa, ta haramta jam'iyyu. A watan Agustan 1975 aka kama Djibo Bakary tare da mutum na biyu a gwamnatin sojan, Kumandan Sani Souna Sido, bisa zargin shirya maƙarƙashiya. Sani Souna Sido ya rasu a tsare. A Maris na 1976 aka yi yunƙurin juyin mulki, aka kashe waɗanda aka ce su suka shirya. Ƴan sandan ciki suka bazu, mutane suka koyi rage murya ko a cikin gidajensu. Guguwar kamen ta haɗa da Mamani, ya shafe shekaru a tsare. Abin lura shi ne, gwamnatin da ta ɗaure shi ita ce kuma ke tsare da Diori Hamani da Boubou Hama, mutanen da mulkinsu ya kore shi tun farko.

A 1980 kamfanin L'Harmattan na Paris ya buga Sarraounia. Marubucin da ya fito daga hannun sojojin ƙasarsa ya kai masu karatu shekara 81 baya, zuwa ga wasu sojojin da su ma ba wanda ya isa ya ce musu don me.

Abin da ya faru a 1899

A ƙarshen 1898 Faransa ta tura wata runduna daga yankin kogin Kwara da nufin ta kai Tafkin Chadi. Shugabanninta su ne Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine, waɗanda suka ci Wagadugu da yaƙi a 1896. Mahaifin Chanoine janar ne da ya riƙe ministan yaƙi na Faransa. Turawan da ke cikin rundunar ba su wuce 10 ba. Sauran, sama da mutum 1,000, ƴan Afirka ne: sojojin da ake kira tirailleurs, mahaya dawaki, tafintoci, ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da matan da aka kwaso a hanya.

Rundunar ba ta da isasshen guzuri, don haka da ganima take ci. Garin da ya yi gardama a ƙone shi, ɗan jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi, ɗan dakon da ya gaza a harbe shi. A watan Janairun 1899 an kashe mutum kusan 100 a Sansane Hausa. A tsakiyar Afrilu suka isa Lugu, ƙauyen Azna a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu ke riƙe da sarautar gargajiya ta addinin kakanni. Mutanen Lugu suka janye cikin kurmi, suka yi ta ruwan kibau daga can. Laftanar Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin, ya rubuta daga baya cewa an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙarar da harsashi kusan 7,000. An ƙone Lugu, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba. A farkon watan Mayu rundunar ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba.

Labarin ta'asar ya isa Paris ta wasiƙun wani hafsa mai suna Péteau da aka kora daga rundunar. Aka turo Kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi jagoranci. Ya bi sawunsu ta ƙonannun garuruwa, ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya fita daga hannun Faransa, zai kafa daular kansa da sojojin da ke hannunsa. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojin nan suka juya bindigoginsu, suka kashe Chanoine, sannan Voulet, a Maijirgi. Ragowar rundunar ce ta ƙarasa ta ci Damagaram.

Yadda ya mayar da tarihi labari

Mamani bai ɓoye cewa ƙagaggen labari yake rubutawa ba. Sarauniyar da Joalland ya ambata tsohuwa ce mai tsafi, sarautar Lugu kuma ta addini ce fiye da ta yaƙi. A littafin kuwa ta zama mace mai ƙarfi a jiki, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya rena, ya koya mata harbin baka da sanin itatuwa da sirrin daji. Masu binciken tarihi, irin su Elara Bertho ta Faransa, sun nuna cewa hoton Sarauniya da yawancin mutane ke ɗauke da shi a yau daga alƙalamin Mamani ya fito.

Duk da sunanta ne a bangon littafin, ba ita ce ke cika shafukansa ba. Labarin yana yawo ne daga sansanin Voulet zuwa fadojin sarakuna, zuwa zangon Abzinawa, zuwa hirar sojoji da dare. A nan ne rayuwar marubucin ta fi bayyana, domin abubuwan da ya fi tsayawa a kansu su ne waɗanda ya gani da idonsa.

Na farko shi ne yadda iko ke lalata mai shi idan babu wanda zai taka masa burki. Voulet ya fara ne a matsayin hafsa mai bin umarni. Da ya yi nisa da masu sa ido, sai ya zama shi ne doka, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, har ya kai ga harbe na gaba da shi. Mutumin da ya ga an soke zaɓe a 1959, ya ga an rushe majalisa a 1974, ya san cewa wannan hanya ba ta Bature kaɗai ba ce.

Na biyu shi ne cewa azzalumi ba ya zalunci da hannunsa shi kaɗai. Turawa ƙasa da 10 ba za su iya ƙone ƙasa ba sai da ɗaruruwan ƴan Afirka masu riƙe musu bindiga, da tafinta mai juya magana yadda ta yi masa daɗi, da ɗan rahoto. Mamani ya ba waɗannan mutane wuri mai faɗi a littafin, ya nuna kwaɗayin ganima da tsoron bulala da ke riƙe da su. Yaron da ya tashi yana ganin dogarin kumandan, dattijon da ɗan ƙasarsa ya kulle wa ƙofar kaso, bai buƙaci a ba shi labarin wannan ba.

Na uku shi ne tsoro, wanda makami ne mai kaifi biyu. Da tsoro Voulet ke tafiyar da rundunarsa. Bayan Lugu kuwa, wani tsoron ya shiga zukatan sojojin, na matar da suka ƙone wa gari amma suka kasa kamawa, wadda suka yi imani asirinta na bin su. A fagen daga an ci Lugu, amma daga ranar sojojin suka san cewa akwai wanda bai rusuna wa ubangidansu ba. A tsarin littafin, wannan ne mafarin tsagewar da ta kai ga abin da ya faru a Maijirgi. Ga ɗan jam'iyyar da aka murƙushe a 1964, wannan magana ce mai nauyi: wanda aka kayar yau yana iya zama sanadin faɗuwar wanda ya kayar da shi.

Daga Lugu zuwa bakin kogin Nilu

Abu na huɗu shi ne rarrabuwar kai, kuma shi ne ya fi shafar Hausawa a duk inda suke. A littafin, maƙwabtan Sarauniya sun san abin da ke tafe, amma kowa da lissafinsa. Wasu na ganin gara su yi maraba da Bature ya raba su da tsohuwar abokiyar gaba. Fadar Sakkwato, kamar yadda marubucin ya zana ta, na kallon Azna a matsayin waɗanda suka ƙi karɓar Musulunci, don haka ba abokan haɗa kai ba ne. Kaɗan ne suka ajiye tsohuwar gaba suka kawo ɗauki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tarihi ya nuna abin da ya biyo baya. Shekara huɗu bayan Lugu, a watan Maris na 1903, sojojin Ingila suka shiga Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da dubban mutane, aka cim masa a Burmi a watan Yuli, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar, suka keta Chadi da Darfur, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar a ƙasar Sudan. Garin da suka kafa har yau Mai Wurno ake kiran sa. Shi da sauran ƙauyukan Hausawa da Fulani na yankin da na Jazira, inda aka buɗe babban aikin noman auduga a 1925, sun ci gaba da karɓar masu zuwa daga yamma, wasu a hanyar aikin hajji, wasu kuma gudun haraji da aikin tilas na Faransa. Mutanen Lugu da na Mai Wurno addininsu daban, amma guguwa ɗaya ce ta tashe su, kuma dukkansu sun zaɓi barin gida a kan miƙa wuya. Mamani, wanda shi ma ya yi tasa hijirar, ya san farashin wannan zaɓi.

Ba shi kaɗai ba ne

Marubutan da suka fi iya fallasa kama-karya galibi waɗanda suka taɓa shiga cikinta ne. George Orwell na Ingila ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Burma daga 1922 zuwa 1927, ya kuma yi yaƙi a Sifen inda ya ga ƴan gurguzu masu bin Stalin suna farautar abokan tafiyarsu. Daga nan ya rubuta Animal Farm, aka buga shi a 1945, wanda Bala Abdullahi Funtua ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Ahmadou Kourouma na Kodibuwa an tsare shi a zamanin Houphouët-Boigny, ya yi zaman gudun hijira a Aljeriya, sannan ya fitar da Les Soleils des indépendances a 1968.

Orwell ya fake da dabbobi, Kourouma ya ƙirƙiri ƙasa mai wani suna. Mamani kuwa ya fake da tarihi. Littafin da ke zargin hafsoshin Faransa na 1899 ba wanda zai ce ya zagi gwamnatin Yamai ta 1980, amma mai karatun da ya san halin da ake ciki ba ya buƙatar a yi masa fassara.

Fim ɗin da aka ɗauka a Burkina

Med Hondo, mai shirya fina-finai ɗan Muritaniya, ya ɗauki littafin don ya mayar da shi fim, Mamani kuma ya sa hannu a rubuta tsarinsa. A Nijar aka yi niyyar ɗaukar sa, amma shirin ya wargaje tsakaninsa da hukumomin lokacin. Gwamnatin Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa, aka ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, ƴar ƙasar Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Ya fito a 1986, a 1987 kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, wato Étalon de Yennenga. Ta haka labarin wani ƙauye na ƙasar Arewa ya zagaya duniya. A watan Oktoban shekarar aka kashe Sankara, a watan Nuwamba kuma Seyni Kountché ya rasu a wani asibiti a Paris.

Ƙarshen tafiya

Mamani ya yi sauran rayuwarsa a Damagaram yana rubutu. Ya ga taron ƙasa na 1991 da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, ya ga an sake halatta Sawaba, ya kuma ga zaɓen Maris na 1993 da ya ɗora Mahamane Ousmane, ɗan Zinder, a kujerar shugaban ƙasa. A wannan shekarar aka ba shi kyautar adabi ta ƙasa mai ɗauke da sunan Boubou Hama, tsohon abokin hamayyarsa na siyasa. A hanyarsa ta zuwa Yamai don karɓar kyautar ya yi haɗarin mota, Allah ya yi masa rasuwa yana da shekara 61.

Ya bar rubuce-rubuce da dama da ba a buga ba. Jean-Dominique Pénel, wani malamin jami'a Bafaranshe da ya koyar a Yamai, ya tattara waƙoƙinsa aka buga, a 2014 kuma aka fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna Le Puits sans fond, wato rijiya marar iyaka, wanda ya taɓo rayuwar kaso kai tsaye.

Hanyar da ta haɗa Zinder da Yamai, mai tsawon kusan kilomita 900, ta ratsa Maijirgi inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, ta bi ta Tasawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi. Daga Dogon Dutsi, idan aka yi arewa aka bar kwalta, za a isa Lugu. Ƙauyen na nan, dutsen Tunguma da Azna ke zuwa neman hukunci a wurinsa na nan, sarautar Sarauniya kuma ba ta yanke ba.